Filin Tambaya da Amsa: Baƙon da Mutanen Worcester Suka Mayar Ɗan Gari

Wasiƙu uku na ɗauko a wannan makon, kuma dukkansu a kan wasan kurket suka faɗo, wato wasan da ake jefa ƙwallo, mai bugu ya doke ta da sanda ya tara maki har sai an fitar da shi. Na haɗa su wuri ɗaya domin amsar ta farko ita ce ke buɗe ƙofar sauran biyun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan Gusau ne, ina karatun aikin jinya a birnin Worcester na Ingila. Dattijon da nake haya a gidansa ya matsa mini sai da na raka shi kallon kurket a filin da ke bakin kogi. Ya nuna mini wata rumfar 'yan kallo mai suna Basil D'Oliveira, ya ce mini wannan namu ne, har idonsa ya ciko da ƙwalla. Na ji nauyin in tambaye shi. Sunan bai yi mini kama da na Turawan Ingila ba. Wane ne shi? Kuma mene ne bambancin wasan gunduma da wasan kulob ɗin gari, da dattijon yake ta ambata?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka yi dace da mai gida, domin wanda ya kai ka filin New Road ya nuna maka wannan rumfa, abin da ya fi ƙauna a garinsa ya nuna maka.

Bari in fara da tambayarka ta biyu, don in ba a san tsanin ba, ba za a gane hawan da mutumin ya yi ba. Kurket a Ingila hawa uku ne. A can sama akwai ƙungiyar ƙasa, wadda ke buga wasan kwana biyar da ƙasashe irin su Ostireliya da Indiya. A tsakiya akwai gundumomi, guda 18 a yau, 17 a zamanin da za mu yi magana a kai, kuma gasarsu tana gudana a hukumance tun 1890. 'Yan wasan gunduma sana'arsu ke nan, daga Afrilu zuwa Satumba, wasa ɗaya ya ci kwana uku a da, kwana huɗu a yanzu. Worcestershire, wadda garinku ne hedikwatarta, tana cikinsu. A ƙasa kuma akwai kulob ɗin gari: malamin makaranta, mai gyaran famfo, ma'aikacin masaƙa, su sa fararen kaya ranar Asabar da rana su kara da garin da ke maƙwabtaka da su, kafin magariba an tashi.

Kada ka ji na ce ƙasa ka ɗauka wasan yara ne. A yankin Lancashire, inda masaƙun auduga suka yi yawa kamar yadda Kakuri ta Kaduna take a lokacin da masaƙunta ke aiki, an kafa manyan gasannin garuruwa biyu a 1892, saboda ma'aikata sun samu hutun rabin yini ranar Asabar. Dokarsu ita ce kowane kulob yana da damar ɗaukar ƙwararre guda ɗaya tak da zai riƙa biya, sauran goman 'yan gari ne masu yi don sha'awa. Wannan guda ɗayan suna ce masa furo. Garuruwan da ba su fi a zagaye su da ƙafa ba sun ɗauko manyan 'yan wasan duniya ta wannan hanya. Learie Constantine na Trinidad ya yi wa garin Nelson wasa daga 1929 zuwa 1937, suka ci gasar sau bakwai a shekara tara.

A shekarun da na yi karatu a Manchester na sha zuwa irin waɗannan filaye, kuma akwai abu ɗaya da har yau nake gani a idona. Wata Asabar ce mai yayyafi a wani ƙaramin gari arewa da birnin. Tsofaffi sun jeru a benci da fulas ɗin shayi, wani yaro yana rataya lambobin gwangwani a allon maki. Da furon ya cika maki 50, sai wani mutum ya miƙe da ɗan akwatin katako ya bi 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa yana jefa sulalla, ni ma na jefa nawa. Kuɗin na ɗan wasan ne, ladan ranar. Amma mako biyu bayan haka na ga wani furon an fitar da shi bai ci komai ba, sai da ya ratsa ta gaban tsofaffin nan kafin ya kai ɗakin sauya kaya, kuma babu wanda ya rage murya wajen faɗin abin da ke ransa. Su ne suka haɗa kuɗin da ake biyansa. Gobe kuma da su zai haɗu a shagon burodi. Riƙe wannan hoton, domin cikinsa Basil D'Oliveira ya faɗo a 1960.

An haife shi a Cape Town ta Afirka ta Kudu, a unguwar da ke gindin tsaunin Signal Hill, takardunsa sun ce ranar 4 ga Oktoba 1931. Jininsa gauraye ne, da na Indiya da na Fotugal, shi ya sa sunan ya yi maka baƙo. A tsarin wariyar launin fata an jefa shi cikin rukunin masu ruwa biyu, wato ba shi da hurumin taka filin da farar fata ke wasa, balle ya sa rigar ƙasarsa. Babban filin Newlands yana garinsu, amma in ya je kallo sai dai ya tsaya a ɗan shingen da aka ware wa irinsa. Shi da abokansa a fegin Green Point suke wasa, fili ne na kowa da kowa mai tsakuwa da ramuka, kulob da yawa suna wasa a lokaci ɗaya. Su za su share wurin da kansu, su yayyafa ruwa, su daddaɓe, sannan su shimfiɗa doguwar tabarma a kan ƙasa, a kanta ake jifa. Mahaifinsa ne kyaftin ɗin kulob ɗinsu, St Augustine's, daga baya shi ya gaje shi. Ranakun aiki kuwa yana kamfanin ɗab'i.

A kan wannan tabarma ya ci maki ɗari ko fiye har kusan sau 80. Akwai ranar da ya ci 225 cikin minti 70. Ya jagoranci zaɓaɓɓun 'yan wasan da ba farare ba suka kara da Kenya a 1956, suka kuma je Gabashin Afirka a 1958. Duk wannan bai shiga littafin tarihin wasan ba, domin hukumar da ke rubutawa ba ta ɗauke su 'yan wasa ba. A 1959 aka shirya fitaccen ɗan wasa Frank Worrell zai kawo 'yan wasan West Indies, wato na tsibiran Karebiyan, su kara da su, shirin ya rushe. A nan ne ya ga shekaru suna tafiya, kuma babu wata ƙofa a gida.

Sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa mutumin da bai taɓa gani ba, muryarsa kawai ya sani a rediyo: John Arlott, mai sharhin kurket na BBC. Bai roƙi a sa shi a ƙungiyar ƙasa ba. Roƙonsa a taimaka masa ya zo Ingila ya koyi horar da 'yan wasa, ya koma ya koya wa yaran unguwarsu. Arlott bai jefar da wasiƙar ba. Ya yi ta neman hanya har ya dace da John Kay, ɗan jarida a Manchester wanda ya san gasannin garuruwa ciki da bai. A daidai lokacin kulob ɗin Middleton, wani gari 'yan mil kaɗan arewa da Manchester, ya rasa furo, domin Wes Hall, mai jifa na West Indies da suka sa rai da shi, bai samu zuwa ba. Suka ce za su gwada wannan baƙon a kan fam 450 na kaka ɗaya. Kuɗin jirgi ma ba shi da shi. Mutanen unguwa ne suka yi karo-karo, aka shirya wasannin tara kuɗi, har da wasu fararen 'yan wasa da suka sa hannu. Ya bar amaryarsa Naomi da juna biyu ya hau jirgi.

An ce baƙo ko da ido makaho ne. Da ya sauka a Landan, layin da aka ware wa baƙaƙe ya shiga nema, babu. A jirgin ƙasa zuwa Manchester aka zaunar da shi a taragon cin abinci, Bature ya kawo masa faranti, ya rasa inda zai sa kansa. Mutum ne mai kusan shekara 30, gwarzon garinsu, amma bai taɓa zama teburi ɗaya da farar fata ba.

Sai kuma filin ya juya masa baya. Ka riƙe ƙwallon kurket a hannunka in ka sake zuwa: ja ce, mai tauri, nauyinta kusan giram 160, an ɗinke tsakiyarta da zare mai tudu. A kan tabarma da busasshiyar ƙasa, in ta faɗi takan taso da sauri ta zo wa mai bugu, shi kuma ya tare ta da ƙarfi. A kan jiƙaƙƙiyar ciyawar Lancashire a watan Afrilu kuwa, ɗinkin nan yakan kama ƙasa, ƙwallon ta ɗan tsaya, ta kauce hagu ko dama. Basil yana kai duka kafin ta iso, sai ta tashi sama a cafe. Shigarsa biyar ta farko, maki 25 ya haɗa gaba ɗaya. Ka tuna da tsofaffin benci. Ka tuna kuma da mutanen da suka cire daga kuɗin cefanensu suka sa shi a jirgi, suna jiran labari.

A ganina nan ne zuciyar labarin, ba a manyan filayen da ya taka daga baya ba. Cikin 'yan kulob ɗin akwai Eric Price, wanda ya taɓa yi wa gundumomin Lancashire da Essex wasa. Ya ja shi gefe ya nuna masa cewa a nan ba a zuwa wa ƙwallo, jiranta ake yi, a bar ta ta gama abin da za ta yi sannan a buga ta a ƙurarren lokaci. Mutumin da ya ci ɗari sau 80 ya sunkuyar da kai ya koma ɗalibi a hannun ɗan wasan Asabar. Ya rushe salon da ya yi shekara 15 yana ginawa ya sake sabo cikin 'yan makonni. Da kaka ta ƙare yana da maki 930, ya fitar da masu bugu 71 da jifarsa, kuma shi ne na ɗaya a matsakaicin maki a duk gasar, gaban Garfield Sobers da ke yi wa garin Radcliffe wasa, wanda a lokacin shi ke riƙe da tarihin maki mafi yawa a wasan ƙasa da ƙasa, 365. Mutane da yawa suna da baiwa. Waɗanda za su yarda a gyara musu ita bayan sun yi suna, su ne ba su da yawa.

Kaka huɗu ya yi a Middleton. Ya ɗauko Naomi da jaririnsu Damian, matan unguwa suka karɓe ta. Gundumar Lancashire, wadda yake zaune a cikinta, ta dube shi ta ce ba ta so. Tom Graveney ne, babban mai bugu na Worcestershire, da suka yi wata tafiyar wasa tare ya ga abin da ke hannunsa, ya lallashe shi ya zo garinku a 1964. A nan Basil ya yi abin da shi da kansa ya amsa daga baya: ya rage wa kansa shekara uku, ya ce a 1934 aka haife shi, don ya san babu gundumar da za ta fara da mai shekara 32. Ba na yaba ƙarya. Amma ina ganin wanda ya kamata a fara tuhuma shi ne tsarin da ya cinye masa ƙuruciyarsa a kan tabarma.

Dokar lokacin ta ce sai baƙo ya zauna a gunduma shekara guda kafin ya shiga gasarta. Don haka ya sake komawa wasan gari, a kulob ɗin Kidderminster da ke gasar Birmingham, yana jira. A shekarar ya zama ɗan ƙasar Birtaniya. Da aka buɗe masa ƙofa a 1965, wasansa na farko a gasar gundumomi ya ci 106 a kan Essex. Ya ƙare kakar da maki sama da 1,500, Worcestershire ta riƙe kofin da ta fara ci a tarihinta a 1964. A 1966 Ingila ta kira shi.

Ya yi wa Ingila wasa 44, ya ci maki 2,484, ya ci ɗari sau biyar. Amma abin da ya sa dattijonka ya ce namu ne ba wannan ba ne. Ingila ta yi shekara shida da shi, Worcestershire ta yi kusan talatin. Yana cikin waɗanda suka sake cin gasar a 1974. A 1976, a wasan ƙarshe na wani kofi da gundumar Kent a filin Lord's na Landan, jijiyar cinyarsa ta yage yana tsaron fili, duk da haka ya ɗingiso ya shiga, a kan ƙafa ɗaya ya ci 50, yana da shekara 44 a takarda. Sun sha kashi a ranar, amma har yau ana ba da labarin. Ya ajiye wasa a 1980 da maki sama da 19,000 da mutum sama da 500 da ya fitar, ya zama mai horar da ƙungiyar na shekara goma, a hannunsa suka ci gasar a 1988 da 1989. Ɗansa Damian ya yi wa gundumar wasa daga 1982 zuwa 1995, ya kuma rena matasanta har rasuwarsa a 2014. Jikansa Brett ya zama kyaftin ɗinta a 2022. An sa wa rumfar sunansa a 2004. Ya rasu ranar 19 ga Nuwamba 2011 bayan doguwar jinyar cutar Parkinson, aka yi taron tunawa da shi a babbar majami'ar da kake hangowa a tsallaken kogin Severn daga inda kuka zauna.

Kada ka ji nauyin dattijon. Ka haɗa masa shayi ka tambaye shi ranar da ya fara ganin Dolly, haka suke kiransa. Za ka ji abin da ba ni da shi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni tsohon malamin makaranta ne a Zariya. Ina tuna jin sunan D'Oliveira a rediyo lokacin yaƙin basasarmu, ana cewa saboda shi aka kori Afirka ta Kudu daga wasanni. Abokina yana musu, yana cewa siyasa ce kawai ta ɗaga shi, ba iya wasa ba. Ka raba mana gardama.

AMSA: Ranka ya daɗe, tunaninka bai ɓata ba, 1968 ce. Ga yadda abin ya gudana.

An tsara Ingila za ta je Afirka ta Kudu a ƙarshen shekarar. Kowa ya san matsalar: in aka zaɓi Basil, zai shiga Newlands ta babbar ƙofa, ya kwana a otal ɗin farare, ya yi wasa a gaban mutanen unguwarsu da ke cikin shinge. Gwamnatin Firayim Minista John Vorster ba ta son ganin wannan rana. A farkon bazarar ya ci 87 a kan Ostireliya a Manchester, mafi yawa a ɓangaren Ingila a wasan, amma aka ajiye shi a wasa na gaba. Ya koma gunduma, wasansa ya yi sanyi. Ana cikin haka wani jami'in kamfanin taba sigari mai alaƙa da Afirka ta Kudu ya zo masa da tayi: fam 4,000 a shekara har shekara goma, da gida da mota, ya koma gida ya horar da matasa, da sharaɗin ya sanar cewa ba zai samu zuwa rangadin ba. Ka tuna wannan shi ne ainihin aikin da ya roƙa a wasiƙarsa ta farko, kuma mutum ne mai iyali da ya san wasansa ya kusa ƙarewa. Ya ƙi.

A wasa na ƙarshe da Ostireliya a filin Oval, mai bugun Ingila Roger Prideaux ya janye, aka kira Basil ya cike gurbi. Ya ci 158. A rana ta biyar ruwa ya cika filin, 'yan kallo suka sauko da barguna da tsintsiya suka tsane shi, aka koma wasa lokaci yana ƙurewa. Basil ne ya fitar da Barry Jarman ya karya turjiyar Ostireliya, mai jifan Ingila Derek Underwood ya share sauran, Ingila ta ci saura 'yan mintoci a tashi.

Washegari, 28 ga Agusta, hukumar MCC, wadda ke kula da tafiye-tafiyen ƙungiyar Ingila a lokacin, ta fitar da sunayen masu tafiya, babu nasa. Yana ɗakin sauya kaya a Worcester ya ji a rediyo, bayan ya gama ci wa gundumarsa 128 a kan Sussex. Ya fashe da kuka, Graveney ya janye shi zuwa wani ɗaki. Ƙasar ta ɗauki zafi, wasu mambobin hukumar suka yi murabus, limamin coci David Sheppard, wanda tsohon kyaftin ɗin Ingila ne, ya jagoranci masu adawa. Ranar 16 ga Satumba Tom Cartwright, ɗaya daga cikin waɗanda aka zaɓa, ya janye saboda rauni, aka sa Basil a madadinsa. Kashegari Vorster ya tsaya a Bloemfontein ya ce wannan ba ƙungiyar MCC ba ce, ta masu yaƙi da wariya ce, ba za su karɓe ta ba. Ranar 24 ga Satumba aka soke tafiyar.

Inda zan ɗan gyara maka, ranka ya daɗe, shi ne ba a ranar aka rufe musu ƙofa ba, kuma ba shi kaɗai ya rufe ta ba. An riga an hana su Olamfik tun 1964. A kurket kuwa, hukumar Ingila ta sake gayyatarsu su zo a 1970. A nan ne muke da hannu: Majalisar Ƙoli ta Wasannin Afirka, wadda ɗan Najeriya Abraham Ordia ke shugabanta, ta ce in suka zo, ƙasashen Afirka ba za su halarci wasannin Commonwealth na Edinburgh a shekarar ba. Da wannan da zanga-zangar matasan Birtaniya, gwamnati ta nemi a janye gayyatar, aka janye a watan Mayu. Afirka ta Kudu ba ta sake buga wasan ƙasa da ƙasa da aka amince da shi ba sai 1991.

Abokinka kuwa ka ce masa ya dubi lissafi. Mutumin da ya fara yi wa ƙasa wasa yana da shekara 34, lokacin da sa'o'insa ke shirin ajiyewa, ya ƙare da matsakaicin maki 40 a wasa 44. Bayan rikicin ya lafa, lokacin da babu sauran siyasar da za ta riƙe shi a ƙungiya, ya ci 114 a Dhaka a 1969 a kan filin da ya farfashe, ya ci 117 a Melbourne a 1971. Kuma tsofaffin Middleton da suka riƙa jefa masa sulalla a akwati tun 1960 ba su san wani Vorster ba. Da bai ci 158 ɗin nan ba, da an bar shi a gida shiru, babu wanda zai ce uffan. Shi kansa bai taɓa hawa mumbari ya yi jawabi ba, har wasu 'yan gwagwarmaya suka ji haushinsa a kan haka. Abin da ya iya shi ya yi, kuma shi ne ya tona asirin masu cewa babu ruwan wasa da siyasa. Kofin da Ingila da Afirka ta Kudu ke takara a kansa tun kakar 2004 zuwa 2005 sunansa yake ɗauke da shi.

TAMBAYA: Baba, ina wuni. Ɗana ɗan shekara 16 ya nace wa kurket a makarantarsu a Kaduna, yana cewa wata rana zai yi wasa a Ingila. Mahaifinsa yana ganin ɓata lokaci ne. Akwai hanya kuwa, ko in rarrashe shi ya bari?

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya raya mana shi. Kada ki rarrashe shi ya bari. Wasan ba baƙo ba ne a Arewa kamar yadda ake zato, an yi shi a Kwalejin Katsina tun zamanin su Sardauna. Najeriya tana cikin hukumar kurket ta duniya tun 2002. Samarinmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar cin kofin duniya karo na farko a 2020, kuma a Afirka ta Kudu aka yi ta, ƙasar da ta hana Basil taka filinta. 'Yan matanmu na wannan rukuni sun doke New Zealand da maki biyu a Malesiya a Janairun 2025.

Amma zan faɗa miki gaskiya a kan Ingila. Zamanin da wasiƙa ɗaya za ta kai mutum kulob ya wuce. Kulob ɗin garuruwa har yanzu suna ɗaukar ɗan wasa daga waje, sai dai wanda za a biya yana buƙatar takardar izinin aiki da amincewar hukumar kurket ta can, kuma suna duba matakin da ya kai a ƙasarsa. Duk wanda ya zo muku da maganar a ba shi kuɗi ya kai yaron kulob a Turai, ku rufe ƙofa. Hanyar da take a buɗe ita ce ta gida: makaranta, jiha, sannan gwajin ƙungiyar ƙasa ta matasa. In kuma Allah ya kai shi karatu can, kusan kowane gari yana da kulob mai ƙungiya ta biyu da ta uku da ke neman wanda zai cike goma sha ɗaya ranar Asabar, ba a biya, ba a kuma hana ɗalibi.

Abin da za ki yi masa yanzu ba shi da tsada. Ki sa ya riƙe karatunsa da hannu biyu, wannan zai kwantar da hankalin mahaifinsa. In zai fuskanci ƙwallo mai tauri, ki tabbata yana da hular kwano da abin kare ƙafa da safar hannu, ko da na aro ne daga makaranta, domin ƙwallon nan tana karya ƙashi. Sannan ki roƙi Alhaji ya je ya zauna a bakin fili wata Asabar ya ga yaron yana jifa, ko sau ɗaya ne, kafin ya yanke hukunci.